Ka sauka otal a Akara: tambayoyin da baƙi suka fi yi mana kan yawon buɗe ido, kasuwa da nishaɗi

Mu da ke zaune a Nima, da wuya wata ya wuce ba mu tarbi wani ɗan'uwa daga Kano ko Yamai ko Sakkwato ko Tamale ba. Wani taro ya kawo shi, wani fatauci, wani ya raka ɗansa jami'a. Da zarar ya ajiye jaka a otal ya watsa ruwa, sai waya ta yi ƙara: "Malam, ina za a je?" Tambayoyin ba sa canjawa, shi ya sa na tattara su wuri guda. Na ɗauka masaukinka yana cikin gari, wajen Ridge, Adabraka, Osu ko unguwar filin jirgi, inda galibin otal-otal suke. Idan ka ji dattawanmu suna cewa "Ankara", kada ka zaci ta Turkiyya suke nufi. Tsohon sunan garin ke nan a bakin Bahaushe.

Ma'aikacin otal ya ce komai yana kusa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne a taswira. A kan titi kuwa, agogo ne ke auna nisa a Akara. Daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari bai wuce kilomita 10 ba, amma tafiyar da za ka yi cikin minti 20 ranar Lahadi da hantsi tana iya cinye maka awa guda ranar Juma'a da yamma. Da safe motoci gari suke kwarara, da la'asar sakaliya su juya waje. Wanda ya bi bayan wannan igiya ya sha zama.

Ka riƙe fasalin garin a kai: teku na kudu. Tsohon gari, wato Jamestown, Makola da Tudu, yana bakinta ta yamma, Osu da Labadi ta gabas. Babban titin Ring Road ya yi wa tsakiyar gari zobe, Kanda da Nima suna bayansa ta arewa. Shawarata ita ce ka ba kowace rana ɓangare ɗaya, kada ka ce za ka yi Makola da safe, Madina da rana, Labadi da yamma. Sannan ka gyara agogonka, Gana tana bayan Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Na sha zuwa ɗaukar baƙo in tarar ya yi awa guda a tsaye a ƙofa yana ganin laifina.

Yini ɗaya kacal gare ni. Yaya zan raba shi?

Ka fita da sassafe ka fara da makwancin Kwame Nkrumah kafin rana ta yi zafi. Kasuwar kayan hannu ta Arts Centre tana maƙwabtaka da shi, da ƙafa ake zuwa. Daga nan ka gangara dandalin Black Star, ka haura Kanda ka yi azahar a babban masallaci, ka ci abincin rana a Nima, ka koma otal ka miƙe ƙafa. Bayan magariba ka leƙa Osu. Na bar kasuwar Makola da gangan, domin ita ba a haɗa ta da komai. Duba amsar da ke kanta a ƙasa.

Me ke cikin makwancin Nkrumah da har kowa ke tura mutum can?

A wannan fili, tsohon filin folo na Turawan mulkin mallaka, Nkrumah ya tsaya ya shelanta 'yancin Gana ranar 6 ga Maris, 1957. Sojoji sun kifar da shi a Fabrairun 1966 yana tafiya a ƙasar waje, ya zauna gudun hijira a Gini wurin Sekou Toure, ya rasu a Romaniya a 1972. An binne shi a ƙauyensu, Nkroful, daga baya aka dawo da shi nan, aka buɗe wurin a 1992. Matarsa Fathia, 'yar Masar, tana kwance a gefensa. An yi wa wurin babban gyara aka sake buɗe shi a 2023.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba ginin marmaran ba ne. Akwai wani mutum-mutumin Nkrumah da aka fille wa kai lokacin juyin mulki, an tsayar da gangar jikin, an ɗora kan a gefe. Duk ɗan siyasar da na kai wurin sai ya yi shiru na ɗan lokaci. A ɗakin tarihi akwai hotunansa da shugabannin zamaninsa da kayan da ya yi amfani da su. Ana biyan kuɗin shiga, kuma na ɗan ƙasa daban, na baƙo daban.

Dandalin Black Star, wanda aka kammala a 1961, fili ne fetal, babu inuwa, minti 20 ya ishe ka. Kusa da shi ne aka harbe tsofaffin sojoji uku ranar 28 ga Fabrairu, 1948, suna kan hanyar kai koke ga gwamna, abin da ya tayar da boren da ya gaggauta 'yanci. Mai son ƙarin tarihi ya je gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke wajen Adabraka, wanda aka buɗe ana gobe 'yanci, ko gidan W.E.B. Du Bois a Cantonments, baƙar fatar Amurka da ya ƙare rayuwarsa a nan a 1963.

Jamestown fa? An ce unguwar talakawa ce, babu abin gani.

Wanda ya faɗa maka haka daga cikin mota ya gan ta. Nan ne cibiyar Gā, masu garin. Turawa uku suka yi sansani a wannan gaɓa: 'yan Holan suka gina sansanin da ake kira Ussher a yau a 1649, Ingilishi suka gina James a 1673, 'yan Denmak suka kafa Christiansborg a Osu, wanda ya zama fadar gwamnati har zuwa 2013. Duka an yi cinikin bayi ta cikinsu, kuma suna cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1979. Nkrumah kansa daga kurkukun James ya ci zaɓen 1951.

Hasumiyar jiragen ruwa mai ja da fari ita ce alamar unguwar. A ƙasanta masunta ke jan kwale-kwale, mata na ƙyafe kifi, ƙaurin hayaƙi ya cika wuri. Ka ɗauki ɗan jagora daga cikin samarin unguwar, ku yanke kuɗi tun farko. A Bukom, cikin wannan yanki, dambe gado ne. Daga nan Azumah Nelson da Ike Quartey suka fito suka ci kambun duniya. Bahaushen da ya taso yana kallon 'yan dambe a dandali zai gane abin da idon yaran nan ke faɗa.

Ina zan yi salla, musamman Juma'a?

Babban masallacin ƙasa yana Kanda, Turkawa suka gina shi a kan fasalin masallatan Santambul, da ƙubbobi da dogayen hasumiyoyi huɗu, aka buɗe shi a 2021. Yana ɗaukar mutum kimanin 15,000. Ko ba lokacin salla ba, ya cancanci a je a gani. Ranar Juma'a ka sammaka, domin titin yana cushewa. A Nima, Mamobi, Newtown, Sabon Zango da Fadama kuwa, kowane lungu da masallacinsa. A Ridge da Cantonments ne za ka yini ba ka ji kiran salla ba, sai ka dogara da wayarka. Alƙibla tana gabas, ka ɗan karkata arewa.

Idan ka dace da Salla, ƙarama da babba duka ranakun hutu ne a Gana, kuma ana yin babban idi a dandalin Black Star. Babban limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919 kuma ya hau muƙamin a 1993, mutum ne da Musulmi da Kirista suke girmamawa baki ɗaya.

Za a ji Hausata?

A Zango, wato unguwanninmu irin su Nima da Sabon Zango, ƙwarai. Kuma a nan nake so baƙo ya fi daɗewa, domin takardar da otal ke raba wa baƙi ba ta ambaton Zango ko sau ɗaya. Bahaushe ba jiya ya zo ƙasar nan ba. Kakanninmu fataken goro sun bi hanyar Gwanja zuwa Salaga da Kumasi tun kafin Bature, wasu kuma Ingilishi suka kawo su aikin soja a ƙarni na 19. Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima ta taso a shekarun 1930 a hannun Malam Futa. Yau mutanen Zango ƙabila-ƙabila ne, Dagomba, Mosi, Zabarma, Fulani, Kotokoli, Wangara, Yarbawa, amma Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da masallaci.

Sai dai ka shirya kunnenka. Hausarmu ba ta damu da bambancin namiji da mace ba, za ka ji mutum ya ce "matata ya tafi kasuwa" ko a jikinsa. Muna cusa Turanci da Tuwi, harshen Asante, a tsakiyar magana. Kada ka yi dariya, kada ka gyara wa dattijo. Shi ma yana jin taka tana da nauyi kamar ta gidan rediyo. Ka gaida tsohuwa da "Mma, ina wuni", ka ga yadda farashi zai sauka. Kalmominmu sun shiga bakin kowa a ƙasar: garin Kasoa da ke yamma da Akara "kasuwa" ce, waakye "wake" ne, kayayei, 'yan matan da ke dako a Makola, "kaya" ne aka liƙa masa kalmar Gā mai nufin mata. A wajen Zango Turanci ne zai fisshe ka, da "medaase" idan za ka yi godiya.

Abinci fa? Ina tsoron cin abin da bai halatta ba.

Tsoronka yana kan hanya, domin ana sayar da naman alade a fili a Osu da Jamestown, gasasshe da soyayye, kuma ana saka shi a miya a wasu gidajen abinci. Ka tambaya, ba abin kunya ba ne. A otal, kifi ya fi kwanciyar hankali. A Zango kuwa ka ci ka sha.

Da safe koko da ƙosai, wanda duk ƙasar ke kira kokon Hausa. Da hantsi waakye: shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har suka yi ja, a zuba taliya da garin rogo da ƙwai da ganda, a ɗora shito, wani baƙin yaji da ake soyawa da busasshen kifi, a naɗe maka a ganye. Mai kyau ba ta kai azahar, kuma alamar gwana ita ce layi. Tuwon zafi da miyar ayoyo yana nan, tsire sunansa cicinga, zoɓo sunansa sobolo, burkina kuma ƙanwar fura da nono ce. Ka ɗanɗana dokunu da soyayyen kifi ko sau ɗaya, tuwon masara ne mai tsami da ake dafawa cikin ɓawonta. Ranar farko za ka yamutsa fuska, ta uku kai za ka aika a sayo. Maganar dafa-duka tsakanin Gana da Najeriya kuwa, na bar ku da ita.

Makola ko manyan kantunan zamani?

Ya danganta da abin da kake nema. Accra Mall, wadda aka buɗe a 2008 a mahaɗar Tetteh Quarshie, da Marina Mall kusa da filin jirgi, suna da sanyi da tsayayyen farashi da wurin wasan yara, amma abin da ke ciki ka gan shi a Abuja. Makola ita ce Akara. Tun 1924 take, sojoji suka rushe ta a 1979 bisa zargin 'yan kasuwa da ɓoye kaya, ta sake tsirowa ta malale titunan da ke kewaye. Mata ne ke mulkinta, kuma ba a yi musu wargi.

Ka je da safe, ranar aiki, da takalmin tafiya, waya a aljihun gaba. Idan ka ji ana "agoo" a bayanka, hanya ake nema, ka kauce. Ka miƙa kuɗi da hannun dama. Idan kaya sun yi yawa ka ɗauki kayayo, ka biya ta da kyau, yawancinsu yaran arewa ne da suka baro gida. Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo, tana kusa. Gobara ta cinye galibinta a Janairun 2025 amma 'yan kasuwa sun sake kafa rumfuna. Kayan yaji, hatsi da turare kuwa, kasuwar Nima ta fi.

Hajiya ta aiko ni atamfa. Yaya zan kauce wa jabu?

Sunayen da ake nema su ne GTP, Woodin da ATL. Ka duba bakin zanen, sunan kamfani da lambar zane suna bugawa a jiki, kuma na gaske launinsa ya ratsa gaba da baya. Idan farashi ya faɗi ƙasa warwas, kwaikwayo ne. Wanda ba ya son ciniki ya je shagon Woodin a Osu. Ga inda baƙi ke ruɗewa: yadi 6 da kuke kira turmi, a nan rabi ne, cikakke yadi 12 ne. Ka faɗi yawan yadin da bakinka.

Kente iri biyu ne. Akwai saƙin hannu, ƙyalle-ƙyalle siriri da ake haɗawa kamar saƙin gwadonmu, mai nauyi da tsada, wanda Bonwire kusa da Kumasi ta yi suna a kansa. Akwai kuma na inji da aka buga zanen kawai a kan yadi. Ka juya bayansa, ɗinkin haɗi zai gaya maka. Ga maza, batakari, rigar saƙi ta arewacin Gana, ita ce tsarabar da ba ta tsufa.

Wace tsaraba ce ba za ta ci kuɗi ba, kuma yaya ake tayi?

Cakulan Golden Tree da ake yi a Tema da kokon ƙasar, man kaɗanya, baƙin sabulu, duwatsun wuya na Krobo, da kwalbar shito, wadda za ka naɗe da kyau ka saka a jakar da za a auna. A Arts Centre akwai ganguna, takalman fata, sassaƙa da zane-zane. Farashin farko na Bature ne. Ka taya ƙasa da rabi, ka yi murmushi, ka juya kamar za ka tafi. Da yawa daga masu kayan fata 'yan Zango ne, sallama ɗaya ta canja lissafi. Amma idan ka taya aka sallama, ka saya. Tayin wasa abin kunya ne a nan kamar yadda yake a Kurmi.

Wane kuɗi zan riƙe?

Sidi. Ka canja a shagon canji mai lasisi ko banki, ka karɓi rasit. Canjin otal ya fi kowane tsada. Dala sabuwa mai manyan lambobi ta fi daraja. Kusan kowa yana karɓar kuɗin waya, MoMo, amma sai kana da layin Gana, wanda baƙo ke yi wa rajista da fasfo. Abu ɗaya: a 2007 an yanke sifiri huɗu daga kuɗin ƙasar, amma har yau wasu 'yan kasuwa da tsohon lissafi suke magana. Idan mai atamfa ta ce "miliyan biyu", kada gabanka ya faɗi, sidi 200 take nufi.

Da me zan riƙa zirga-zirga?

Uber, Bolt da Yango duk suna aiki, kuma su suka fi sauƙi ga baƙo. Tasi na kan titi babu mita, ku daidaita kafin ka shiga. Tasin da ke fake a ƙofar otal ya fi tsada. Trotro, ƙananan bas-bas na haya, ita ce motar talaka: yaron mota yana leƙo da kai yana kiran sunan tasha, "Circle" ko "37", yana nuni da hannu. Ka gwada ta da rana tare da ɗan gari. Duk wadda ka zaɓa, ka tuna maganar cunkoso a amsa ta farko.

Zan iya kai iyali bakin teku?

Labadi ce mafi kusa, ana biyan kuɗin shiga, akwai dawakin haya da masu kaɗe-kaɗe. Da iyali ka je ranar aiki ko Asabar da safe. Lahadi da yamma wurin na samari ne, da kiɗa da giya da shigar da ba za ka so Hajiya ta gani kana kallo ba. Bojo, can yamma da gari, ta fi natsuwa, da kwale-kwale ake tsallakawa zuwa gare ta. Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: tekun nan tana ja ta ƙasa. Iyon kogi ko na kududdufi ba ya aiki a cikinta. Ruwa ya tsaya a gwiwa, yara kuma a hannu.

Ba na zuwa mashaya. Me zan yi da daddare?

Titin Oxford a Osu yana raye har dare, da shaguna da gidajen abinci da masu kelewele, soyayyar ayaba mai citta da barkono. Akwai silima a Accra Mall. Gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, wanda Sin ta gina a 1992 da siffar jirgin ruwa, yana yin wasanni da kaɗe-kaɗe, ka tambayi otal abin da ke gudana a makon. Mai son ƙwallo ya nemi ranar da Hearts of Oak, ƙungiyar da aka kafa a 1911, za ta kara da Asante Kotoko, ya kuma kula da launin rigar da zai saka.

Ni dai in ka bar mini zaɓi, babban titin Nima zan kai ka bayan isha'i. Mu zauna a bencin mai shayi, a soya mana ƙwai, hayaƙin tsire na tashi, samari na musun ƙwallon Ingila, wani dattijo ya ji harshenka ya tambaye ka wace unguwa a Kano, ya ce kakansa daga can ya taso.

Wane lokaci ne ya fi daɗin zuwa?

Damina babba daga Afrilu zuwa Yuli take, Yuni ya fi ruwa, kuma wasu unguwanni kamar Circle da Kaneshie suna ambaliya. Agusta akwai sanyi-sanyi, shi ne watan Homowo, bikin Gā na yi wa yunwa ature, da bikin zane-zanen titi na Chale Wote da aka fara a Jamestown a 2011. Kafin Homowo, wajen Mayu zuwa Yuni, sarakunan Gā suna hana kiɗa da hayaniya na wata guda, har lasifikar coci da masallaci ake sassautawa. Disamba gari na cika da 'yan ƙasar waje, musamman tun 2019, kuɗin otal ya haura.

Ina da kwana biyu a sama. Ina zan fita wajen gari?

Aburi, a kan tudu arewa da gari, tafiyar kamar awa guda. Lambun itatuwanta tun 1890 yake, iskar wurin kaɗai ta biya kuɗin mota. Shai Hills na da gwaggon biri da duwatsu. Madatsar Akosombo, wadda aka gama a 1965, tana gaba. A Teshie, kan hanyar Tema, akwai kafintocin da ke ƙera akwatin gawa da siffar kifi ko jirgi ko mota gwargwadon sana'ar mamaci. Mu da likkafani ya ishe mu, abin kallo ne. Cape Coast, tsohon babban birni kafin a dawo da shi Akara a 1877, da Elmina da 'yan Fotugal suka gina a 1482, suna da nisan kilomita 150 ko sama da haka. Ana iya zuwa a dawo a yini, amma ka bar gari da asuba kafin Kasoa ta toshe.

Akwai abin da zai iya jefa ni cikin matsala?

Kada ka ɗauki hoton fadar shugaban ƙasa, Jubilee House, ko barikin soja, ko ɗan sanda a bakin aiki. A kasuwa ka nemi izini kafin ka ɗaga waya. Ɗan ECOWAS ba ya buƙatar biza, amma ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara. Sai kuma zinariya. Wani zai same ka a zauren otal, da kaftani mai guga da Hausa mai daɗi, ya kira ka Alhaji, ya ce ƙanensa na haƙa a daji, akwai kilo biyu a ƙasa da farashi, kuɗin takardu kawai ake nema. Wani baƙona ɗan Zinder ya ba da kuɗin takardun. Ya ƙara kwana huɗu a otal yana jiran waya, na biyar ni na biya masa kuɗin mota.